Yadda Ake Tantance Jawabin Wanda Ya Jagoranci Wani Aiki

Ranar da aka miƙa maka takardar maki aka ce kai ne za ka tantance jawabin wani a kan aikin da ya jagoranta, abu biyu ne za su shigo kunnenka a cakuɗe: aikin da aka yi, da yadda aka ba da labarinsa. A nan yawancin masu tantancewa suke zamewa. Mutum ya tashi ya ce ya haɗa 'yan sa kai sun farfaɗo da ɗakin karatun wata makaranta, zuciyarka ta yi sanyi, sai ka ga hannunka ya nufi babban maki, alhali jawabin kame-kame ne tun daga farko har ƙarshe. Wani kuma aikinsa ya watse a hanya, ya tsaya ya warware maka yadda abin ya faru dalla-dalla har ka fahimci komai, sai ka rage masa maki don aikin bai kai gaci ba. Duka biyun an yi rashin adalci. Hukunci a kan aikin na waɗanda suka sa ido a kansa ne. Kai naka rabon shi ne maganar: ta isar da abin da aka aike ta ko ba ta isar ba, kuma ta nuna mana shugaban da ke bayan aikin ko ta ɓoye shi?

Mataki na ɗaya: ka gana da mai jawabin kafin ranar

Minti goma a waya sun wadatar. Abin da za ka fara tambaya shi ne wane irin jawabi zai yi, domin jawabin aikin jagoranci iri biyu ne, kuma ba a auna su da ma'auni ɗaya. Akwai na farkon aiki, inda mutum yake bayyana abin da yake son cim ma, yana neman a yarda a bi shi. Akwai na ƙarshen aiki, inda yake ba da rahoton abin da ya faru da abin da ya koya. Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a 1924 a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya a Amurka don koyar da magana a gaban jama'a, haka ta tsara darasinta na jagorancin babban aiki: ɗan ƙungiya ya zaɓi aiki, ya kafa kwamitin da zai riƙa ba shi shawara, sannan ya yi jawabi sau biyu, kowanne minti 5 zuwa 7, ɗaya a kan shirin, ɗaya a kan sakamakon.

Idan na farkon ne, tambayar da za ka riƙe a ranka ita ce: da ni aka nema, zan shiga wannan aiki? Idan na ƙarshen ne: yanzu na san abin da ya faru, kuma na san ina hannun wannan mutumin yake a ciki?

Sai ka tambaye shi su wa yake ɗauka a matsayin masu sauraronsa, minti nawa aka ba shi, da abu guda ɗaya da yake so ka sa masa ido a kai. Wannan ta ƙarshen tana da amfani fiye da yadda ake zato. Wanda ya ce maka da bakinsa "ina yawan yin sauri idan na ruɗe" ya riga ya buɗe maka ƙofa. Duk abin da ka faɗa masa daga baya a kan saurin, amsar tambayarsa ce, ba zai ji kamar ka tsinke shi ba.

Mataki na biyu: ka shirya ma'auninka a rubuce

Kada ka shiga ɗakin da niyyar "zan ji yadda abin ya kwanta mini." Abin da ke kwanta wa mutum sau da yawa shi ne abin da ya yi kama da nasa salon. Idan masu shirya taron sun ba da takardar maki, ka karanta ta tun kafin ranar. Idan babu, ka yi taka.

Ba sai ka ƙirƙiro daga sama ba. Ƙungiyar masana ilimin sadarwa ta Amurka tana da takardar tantance jawabi mai ɗauke da abubuwa takwas, huɗu a kan shiri, huɗu a kan isarwa. Na shirin su ne: zaɓen batu da taƙaita shi daidai da masu sauraro da lokaci, bayyana manufa a fili, kawo hujjoji da misalai, da tsara jawabin yadda za a iya bin sa. Na isarwar kuma: dacewar kalmomi, sarrafa murya, fitar da lafazi daidai, da motsin jiki. Wannan ya ishe ka ginshiƙi. Amma an yi shi ne don kowane irin jawabi, saboda haka ka ƙara layi uku naka na jagoranci: ko an fahimci inda aikin ya dosa da dalilinsa, ko an ga yadda ya tafiyar da mutane da shawarwarin da ya yanke, ko ya faɗi abin da ya koya a fili.

Maki daga 1 zuwa 5 ya isa. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ka rubuta ma'anar kowace lamba, ko da 1 da 3 da 5 ne kawai. A layin tsari, alal misali: 1, na kasa gane inda ya dosa, 3, na bi shi amma na ɓace sau ɗaya ko biyu, 5, zan iya maimaita manyan batutuwansa bi da bi ba tare da duba takarda ba. Idan ba ka yi haka ba, 4 ɗinka na safe ba zai zama 4 ɗinka na yamma ba.

Ni a nawa ra'ayin, abin da aka faɗa da tsarinsa su ɗauki kashi 60 cikin 100, murya da jiki su ɗauki 40. Wani zai raba daban, babu laifi, in dai an raba kafin a fara kuma mai jawabin ya sani.

Mataki na uku: wurin zama, takarda da agogo

Ka zauna tsakiya ko can baya, inda za ka ga mai jawabin kuma ka ga fuskokin mutane. A layin gaba kowa muryarsa tana fita. Ka raba takardarka gida uku: siririn gida na lokaci, gida na abin da ka gani ko ka ji, gida na abin da ya haifar. Ka sa agogo a gabanka, ko ka tabbatar akwai mai kula da lokaci. A Toastmasters, jawabin minti 5 zuwa 7 ana nuna masa kore a minti 5, rawaya a minti 6, ja a minti 7, kuma dabara ce mai sauƙin aro: kati uku kawai take buƙata.

Doka ɗaya a wannan takarda: ba a rubuta hukunci, abin da ya faru ake rubutawa. "Ya yi kyau" da "babu tsari" ba su da wurin zama tukuna. Ga yadda shafin zai kasance idan ana kan jawabi:

0:15, ya fara da godiya, sunaye bakwai, mutane suna duba waya.
1:10, sai yanzu ya faɗi ko mene ne aikin.
2:40, "mun ɗan samu matsala da jadawali," bai ce wace iri ba.
3:30, labarin mutum biyu da suka janye ana saura mako guda. Ɗaki ya yi tsit.
4:05, ya ce shi ya yanke a rage aikin maimakon a ɗaga ranar. Ya ba da dalili.
6:00, ya ga rawaya, ya fara gudu.
6:40, ya rufe da "to, iyakar abin da nake da shi ke nan."

Layi bakwai ne, amma duk sharhin da za ka yi yana cikinsu.

Mataki na huɗu: sauraron abin da ake faɗa

Nan ne aikin yake, nan kuma za mu daɗe.

Ka lura da minti na farko. Kafin ya ƙare, ya kamata wanda bai taɓa jin labarin aikin ba ya san abu biyu: mene ne aikin, kuma wace matsala ce ta sa aka yi shi. Wanda ya yi wata shida yana fama da aiki yakan manta cewa sauran mutane ba su kwana a cikinsa ba. Sai ka ji yana ambaton "kwamitinmu" da "kashi na biyu" kamar kowa ya san su. Ka rubuta minti da sakan ɗin da kai ka gane inda aka dosa. Idan ya kai minti biyu a jawabin minti bakwai, an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sai tsari. Kuskuren da ya fi yawa a jawabin ƙarshen aiki shi ne mai da shi kundin tarihi: a watan farko mun yi taro, a wata na biyu mun sake yin taro, daga nan muka rubuta wasiƙa. Komai gaskiya ne, amma babu abin da ya fi wani nauyi, mai sauraro ba ya sanin wanda zai riƙe. Jawabin da ya tsaru yakan zaɓi wurare biyu ko uku da aikin ya kai mararraba, ya tsaya a kansu, sauran ya wuce su da jimla ɗaya. A jawabin farkon aiki kuwa, za ka iya auna shi da jerin matakai biyar da Alan Monroe na Jami'ar Purdue ya tsara a shekarun 1930 don jawabin jan ra'ayi: a jawo hankali, a nuna buƙata, a kawo mafita, a sa mutane su hango yadda abin zai kasance, sannan a faɗa musu abin da ake so su yi. Na biyar ɗin ne aka fi mantawa. Mutum ya zuba bayani mai daɗi, ya zauna, babu wanda ya san ko hannu ake nema, ko lokaci, ko amincewa kawai.

Yanzu ka kasa kunne ga ƙananan kalmomi biyu: "na" da "mun". Ni a ganina babu abin da ke tona shugabancin mutum a jawabi kamar yadda yake raba su. Akwai wanda komai "na yi, na shirya, na kira," har ka fara tambayar kanka ina mutanen da aka ce ya jagoranta. Wannan ya ba ka labarin ƙwazonsa, bai ba ka labarin jagoranci ba. Akwai kuma wanda komai "mun yi, mun ga ya dace, aka yanke shawara," ya ɓuya a cikin jama'a, ba ka iya nuna abu ɗaya da za ka ce nasa ne. Sau da yawa kunya ce ko tawali'u, amma sakamakon ɗaya ne: an hana mai sauraro ganin abin da ya zo gani. Wanda ya iya, za ka ji yana cewa "mun" a wurin nasara, yana faɗin wa ya yi me, sannan ya ce "na" a wurin shawara mai wuya da wurin kuskure. Idan ka ji akasin haka, wato nasara "na", kuskure "sun", ka ja layi a ƙarƙashinsa. Ba sai ka ƙirga duka ba. Ɗan alama a gefen takarda duk lokacin da ɗayansu ya fito a muhimmin wuri ya isa.

Daga nan ka nemi shawara guda ɗaya da aka yanke. Jagoranci a wurin zaɓi yake bayyana: hanya biyu a gaba, kowacce da asararta, wani ya ce ga wadda za a bi. Jawabin da babu irin wannan wuri a cikinsa, komai daɗinsa, rahoton aiki ne kawai. Ka saurara ko ya faɗi abin da ya bari da dalilin barinsa, da wanda bai yarda ba da yadda suka ƙare.

Sai hujja. "Mutane sun amfana sosai" magana ce da kowa zai iya yi a kan kowane aiki. Mutum nawa? Yaya abin yake kafin, yaya yake yanzu? Wa ya auna? Ba ana nufin ya cika ɗaki da lambobi ba. Lamba ɗaya ko biyu da aka kwatanta da wani abu, tare da labarin mutum guda da abin ya shafa, sun fi shafi goma. Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotal na ƙasar Girka ya ce da abu uku mai magana yake shawo kan mutane: amincewar da suka yi da halinsa, abin da ya motsa a zukatansu, da ƙarfin hujjarsa. Har yau rabon yana aiki, kuma yana taimaka wa mai tantancewa ya gane wace ƙafa ce ta gurgunce. Wani yana da lambobi babu rai, wani yana da labari mai sa hawaye babu abin riƙewa.

Na ƙarshe a wannan mataki shi ne darasi. Kusan kowa zai ce "na koyi muhimmancin haɗin kai" ko "na gane cewa sadarwa ita ce komai." Kada ka ba wannan maki mai yawa, ana iya faɗinsa ba tare da an jagoranci ko mutum ɗaya ba. Darasin gaske yana da ƙaya a jikinsa: "na ɗauka shirun da suka yi a taro amincewa ce, ashe ba su fahimta ba ne, yanzu sai na sa kowa ya faɗi aikinsa da bakinsa kafin mu tashi." Ka ji bambancin. Na biyun ya fito daga wani abu da ya faru, kuma ya canja abin da mutumin zai yi gobe.

Mataki na biyar: murya da jiki

Wannan ɓangaren ya fi sauƙin gani, shi ya sa sababbin masu tantancewa suke cika takarda da shi. Ka duba ko ana jin sa daga baya, ko yana hawa da sauka da murya ko kuwa layi ɗaya ya miƙe, ko yana iya yin shiru na sakan biyu bayan muhimmiyar magana. Ka lura da kalmomin cike gurbi, irin su "am", "wato", "ka gane", amma kada ka ambace su sai sun yi yawan da suka fara janye hankali daga maganar. Ka duba inda idonsa yake: a takarda, a bango, a kan mutum ɗaya, ko yana zagaya ɗakin. A nan ka yi hattara, domin al'ummomi sun bambanta a kan kallon ido cikin ido, musamman tsakanin babba da ƙarami. Abin da kake aunawa shi ne ko mutanen ɗakin sun ji da su ake. Hannu kuma, ko yana taimaka wa maganar ko yana wasa da biro da maɓallin riga.

Za ka ji ana yawan cewa kalmomi kashi 7 ne kacal na saƙo, murya 38, fuska 55. Waɗannan lambobi sun samo asali ne daga gwaje-gwaje biyu da Albert Mehrabian da abokan aikinsa suka wallafa a 1967, inda aka sa mutane sauraron kalma guda ɗaya tak, ana kuma nuna musu hotunan fuska, don a ga wanne suke gaskatawa a kan so ko ƙi idan kalmar da muryar sun saɓa. Shi kansa Mehrabian ya yi gargaɗin cewa lissafin bai shafi kowace magana ba, sai wadda ake yi a kan abin da zuciya take ji, kamar so ko ƙi. Saboda haka kada wani ya sa ka ba motsin hannu rabin maki da sunan kimiyya.

Fargaba kuma ba laifi ba ce da za a cire wa maki. Muryar da ta ɗan yi rawa a minti na farko sannan ta daidaita, ka bar ta. Sai idan fargabar ta cinye wani abu, kamar ya tsallake wani sashe ko ya haɗiye ƙarshen jimlolinsa, sannan ka ambaci abin da ta cinye ɗin.

Idan akwai majigi, tambaya ɗaya ce: yana magana da mutane ne ko yana karanta musu allo, ya ba su ƙeya? Idan kuma akwai lokacin tambayoyi, kada ka ajiye biro. Sau da yawa a nan ake gane wanda ya riƙe aikin da hannunsa. Ka lura ko ya bari an gama tambaya kafin ya amsa, ko tambayar da aka yi ya amsa ko wadda ya so a yi, da yadda fuskarsa ta yi da aka taɓo inda aikin ya gaza.

Mataki na shida: ba da maki

Ka ba da makin nan take, kafin ka yi magana da kowa, kafin tafin da aka yi ya gama shiga kanka. Ka bi layi-layi, kowane maki ka nemo masa shaida a cikin abin da ka rubuta. Idan ka sa 2 ko 5 kuma babu layin da za ka nuna, ka sake tunani.

Akwai tarkon da ya kamata ka sani. A 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya duba yadda hafsoshin soja suke ba na ƙasa da su maki a kan ƙirar jiki, basira, iya jagoranci da hali, sai ya ga makin suna tafiya tare fiye da kima: wanda aka ga ya yi fice a abu ɗaya, sai a ɗaga shi a sauran duka. Haka yake faruwa a jawabi. Mai zaƙin murya da kyakkyawar shiga yakan samu 5 a tsari ko da babu tsarin. Mai in'ina ko baƙon karin harshe yakan rasa maki a hujja ko da hujjarsa ta fi ta kowa. Maganinsa shi ne ka fara cike layukan abin da aka faɗa, ka bar na murya da jiki zuwa ƙarshe. Idan ka ga duk layukanka lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa, ka zargi kanka.

In masu jawabin suna da yawa, bayan na uku ka koma ka duba makin na farko, domin shi aka auna babu abin kwatance. In kuma ku da yawa ne masu tantancewar, kowa ya rubuta nasa a ɓoye tukuna. Inda aka samu tazarar maki biyu ko fiye a layi ɗaya, a tattauna, kowa ya kawo abin da ya gani. Idan babba a cikinku ya fara faɗin nasa, sauran makin duk za su karkata su bi shi.

Mataki na bakwai: faɗa masa

Maki ba ya gyara kowa. Abin da ka faɗa ne zai bi shi gida, kuma yana iya gyarawa ko ya ɓata. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara bincike sama da 100 a kan tasirin gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance, suka gano cewa ko da yake a jimlace yana taimakawa, a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan aikin mutumin baya ya ci. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da sharhi ya janye hankalin mutum daga aikin ya mai da shi kan kansa, amfaninsa yana raguwa. "Kai ba ka da ƙarfin hali" magana ce a kan mutum. "Kai haifaffen mai magana ne" ita ma haka, duk da daɗinta. Babu wadda ta nuna masa abin da zai yi ranar jawabi na gaba.

Tsarin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne wanda cibiyar horar da shugabanni ta Center for Creative Leadership da ke Amurka ta yaɗa: ka faɗi lokacin, ka faɗi abin da ya yi, ka faɗi tasirin da ya yi. Ka ga amfanin gidaje ukun nan na takardarka. Sai ka ƙara na huɗu, wato abin da zai gwada.

A Toastmasters minti 2 zuwa 3 ake ba mai sharhi, kuma ya isa. Ka zaɓi abu biyu da suka yi aiki, da gyara ɗaya, in ya yi yawa biyu. Na san takardarka tana da goma. Wanda aka ba gyara goma babu wanda zai ɗauka. Ka zaɓi wanda idan ya gyaru zai ja sauran. Daga shafin da muka gani a sama, sharhin zai iya zama kamar haka:

"Malam, wurin da ya fi kama ni shi ne wajen minti na uku da rabi, da ka ba da labarin mutum biyun da suka janye ana saura mako guda. Na duba ɗakin, babu mai motsi. Kuma ba ka tsaya a labarin ba, ka ce kai ka yanke a rage aikin maimakon a ɗaga rana, ka faɗi dalili. A nan na ga shugaban aikin. Abin da nake so ka duba shi ne farko. Sai da aka yi minti ɗaya da sakan goma kafin na san ko mene ne aikin, domin godiya ta cinye wurin. Wannan mintin ne ya zo ya matse ka a ƙarshe, ka ga rawaya ka fara gudu, darasin da ka koya bai samu ko jimla biyu ba. A karo na gaba ka gwada farawa da matsalar da ta sa aka yi aikin, mutanen da kake son gode wa kuma ka ambace su a inda aikinsu ya fito cikin labarin. Za su fi jin daɗin hakan ma."

Ka lura babu "amma" tsakanin yabon da gyaran. Da zarar mutum ya ji "ka yi ƙoƙari, amma," ya san duk abin da ya gabata shimfiɗa ce, sai ya zubar da shi. Ka lura kuma da "na": na duba, na ga, na sani. Abin da ya same ka a matsayin mai sauraro kake faɗa, kuma wannan babu mai musa maka shi.

Yabon ƙarya ma cuta ce. Idan jawabin bai yi ba, kada ka ce ya yi. Ka nemo abu ɗaya na gaskiya da ya tsaya da ƙafarsa, ko da jimla ɗaya ce, ka faɗe shi da hujjarsa. Abin da ya shafi jikin mutum ko wanda zai kunyata shi, kamar wata ɗabi'a da bai san yana yi ba, ka ajiye sai kun keɓe. Haka nan idan ka lura ya ɗora wa tawagarsa laifi a bainar jama'a, wannan maganar ta ku biyu ce, kuma da tambaya ake buɗe ta: "Da a ce suna cikin ɗakin, yaya kake ganin za su ji wannan wurin?"

Mataki na takwas: bayan an tashi

Ka ba shi takardar a ranar, da makin da bayanan lokacin duka. Idan ya yarda an ɗauki bidiyo da waya, ka nuna masa minti biyu ko uku da zai koma ya kalla, kada ka ce ya kalli duka, domin yawancin mutane idan suka ga kansu a bidiyo, tsayuwarsu da muryarsu kawai suke gani. Ka tambaye shi wanne daga cikin abin da ka faɗa zai ɗauka, ka bar shi ya faɗa da kalmominsa.

Ka ajiye kwafin takardar a wurinka. Idan jawabin farkon aiki ka tantance, ka nemi a ba ka na ƙarshen ma, ko ka miƙa kwafin ga wanda zai yi. Ranar jawabi na biyu, kafin mai jawabin ya tashi, ka rubuta gyaran da ka ba shi a saman sabon shafi, da alƙawuran da ya yi a jawabin farko a ƙarƙashinsa, sannan ka saita agogo.